Farin Zobe a Idon Baba

Talata, da yamma

Yau likitar ido ta kankari idon Baba. Na rubuta shi haka ɓaro-ɓaro don in saba da jin sa. Ta ɗiga masa maganin kashe zafi, ta sa wata 'yar wuƙa da ba ta kai tsinken sakace ba, ta ɗebo abin da ko ni, da aikina ke nan kallon ƙananan abubuwa a ɗakin gwajin asibitin nan, ban gani a bakin wuƙar ba. Baba ko motsi. Da ta gama sai ya ce mata hannunta ya dace da gyaran agogo, in ta gaji da asibiti ta zo shago ya ɗauke ta aiki.

Idon dama ne. Na hagun ya mutu tun kafin a haife ni, shi ya sa a gidanmu in an ce idon Baba, ba mai tambayar wanne.

Watan jiya wata 'yar waya ta fille daga cikin agogo ta karce shi. Ya zaga bayan shago ya wanke da ruwan tanki, ya dawo ya ƙarasa aikinsa. Idon ya yi ja, aka sa maganin jan ido, ya ƙi. Yanzu wani farin zobe ya kewaye baƙin idon. Likita ta ce masa gaban ido kamar gilashin agogo ne, kuma wani abu ne ya shiga cikin gilashin. Baba ya gyaɗa kai. Ita ce ta farko da ta yi masa bayanin da ya gamshe shi.

Ni na sauko da abin da aka kankaro. A bakin ƙofar ɗakin gwaji abokin aikina Dogo ya tare ni ya miƙo hannu.

"Malama, kin san doka."

Na sani. Ba a karanta na gida. Dokar ta girme mu duka a ɗakin: in jinin naka ne, ko na ɗanka, ko na ubanka, wani ne zai duba, don mai so yakan ga abin da babu, ya kuma ƙi ganin abin da ke gabansa. Ni da bakina na sha faɗa wa sababbi. Na ba shi.

Laraba, da hantsi

Dogo ya shuka shi. Haka muke cewa. Faranti ne na roba mai murfi, a cikinsa wani abu kamar daskararren sitaci. Ana shafa masa ƙwayoyin bakteriya su zama abinci, a ajiye abin da aka kankaro a tsakiya, a rufe, a sa a akwatin ɗumi. In akwai mai rai a ciki, yunwa za ta fito da shi.

Bai rubuta suna ba, lamba ya manna. Sai ka ce ban san rubutunsa ba, sai ka ce ban ga ya sa shi a bene na sama daga hagu ba. Teburina yana kallon akwatin nan.

Ban buɗe ba.

Juma'a, da rana

Ban buɗe ba.

Asabar, bayan an tashi aiki

Dogo ya jira kowa ya fita, sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Mutumin da ba ya zama, ko abinci a tsaye yake ci. Tun daga nan na gane.

"Amiba ce," ya ce. "Mai ƙaya."

Na ce na gode. Ban san me na gode masa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ina son halittar nan. Ita ta jawo ni aikin nan. Ranar da na fara sa ido a maikuroskop, wanda mu a nan madubi kawai muke ce masa, ɗigon ruwan kwata malaminmu ya sa mana, sai ga wani ɗan dunƙule ba kai ba ƙafa ba baki, ƙwaya ɗaya tal, yana miƙa gefen jikinsa yana kwarara ya bi shi. In ya sami abinci sai ya rungume shi da jikinsa duka. In ya ƙoshi ya girma sai ya rabu biyu, kowane ya kama gabansa, babu uwa babu 'ya. Na dawo gida ina zuba wa Baba labari har abinci ya huce. Ya ce to, ni ma na sami agogona.

Suna cikin ƙasa, suna cikin tanki, suna cikin famfo. Mutane nawa suke wanke fuska da su kullum su tashi lafiya. Sai an sami karce. Sai kuma a ce idon ɗaya ne.

Lahadi, da la'asar

Na dawo tsohon ɗakina a gidan Baba. Maigidana ya ce in zauna har a ga hali.

Magani kwalba biyu ne, ɗigo kowace awa, ba dare ba rana. Ni da Inna muka raba: ita da rana ina wajen aiki, ni in na dawo. Baba ya sa an ɗauko masa wani tsohon agogon tebur mai ƙararrawa daga shago, ya saita shi da kansa da lalube.

Maganin yana da zafi. Na san yana da zafi, don abin da zai kashe amiba ba zai shafa wa ido mai ba. Amma sani daban, riƙe kan ubanka daban. Yakan damƙe gefen katifa, jijiyar wuyansa ta tashi, hawaye ya bi ta kunne. In ya lafa sai ya nuna agogon ya ce, "Shekara da shekaru ina buɗe musu ciki. Yau su ke ramawa."

Inna ta yi dariya, ta fita tsakar gida ta daɗe.

Talata, da yamma

'Yan dubiya sun cika falo. An rufe labule saboda haske yana soka masa, suna zaune cikin duhu-duhu suna ba da shawara. Kowa yana da wanda ya taɓa yin irin wannan ya warke da abu kaza. Na yi ta maza ban tanka ba, sai da wani ya fito da ƙullin magani daga aljihu, na karɓa da hannu biyu na yi godiya na kai shi inda ya dace.

Kowa ya shigo, "Malam, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Idon ya kumbura ya rufe, bai runtsa ba, da sauƙi. Na san haka ake cewa. Ni ma haka nake cewa, haka aka koya mana, mara lafiya ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wajen baƙi. Amma ni ba baƙuwa ba ce. Da suka watse na durƙusa gabansa na ce, "Baba, don Allah ni ka faɗa min gaskiya. Yau ya fi jiya ko bai kai ba? Me kake gani?"

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "da sauƙi."

A wajen aiki muna rubuta akwai ko babu, kaɗan ko da yawa. A gida amsa ɗaya ce tak, kuma ba ta da ma'auni.

Alhamis, da asuba

Yau ya yi ƙara. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, da hantsi

Ya ɗan samu. Ya ce in zauna in ba shi labarin baƙon nasa, tun da ya zo ba sallama.

Na gaya masa yadda yake tafiya, da 'yan ƙayoyin da ke jikinsa, da yadda yake bin jijiyoyin gaban ido, shi ya sa zafin ya fi ciwon girma. Ya tambaya yana da ido. Na ce babu. Ya ce, "Ka ji mugunta. Shi ba shi da shi, ya zo cin na wani."

Na ce ba ya ma san ido ne ba. Wuri ne mai laima da abinci, shi ke nan.

"To me ya sa maganin bai gama da shi ba har yanzu?"

Nan ne na so in yi ƙarya ban iya ba. Na ce in ya ji wuya ba ya mutuwa nan take. Dunƙulewa yake yi, ya gina wa kansa bango riɓi biyu, ya daina ci, ya daina motsi, ya kwanta. A haka zai iya shekaru cikin busasshiyar ƙasa. Ranar da ya ji wuri ya yi daɗi sai ya buɗe ya fito. Shi ya sa ba a sassauta ɗigon, ko an ga kamar an ci nasara.

Baba ya ce, "Mai haƙuri ne ke nan."

Daga baya ya ce, tun da gilashi ne ya lalace, me zai hana a canza gilashi? Shi a shago minti nawa ne. Na ce ana yi, ana dasa wani, amma sai an tabbata babu mai rai a ciki, in ba haka ba sabon ma za su ci. Ya ce to a yi ta ɗigawa.

Litinin, da rana, a wajen aiki

Yayana ya kira daga garin da yake zaune. Wai ya karanta a waya, wai me ya sa ba a gano da wuri ba alhali ina aiki a asibiti. Na ce masa ya zo ya riƙe kan Baba sau ɗaya, sannan mu yi maganar abin da ya karanta. Ya ce ba na ganin girmansa. Na kashe wayar. Raina ya ɓaci, kuma abin da ya ɓata shi, tambayar tasa ita nake kwana da ita.

Na duba jinin mutane da yawa yau. Zazzaɓin sauro, 'yan zobba a cikin ƙwayoyin jini, shuɗi da ɗigon ja. A gwajin bayan gidan wani yaro kuma, ƙwayar cutar nan mai fuska, wadda in ta juyo kamar tsoho mai tabarau yana kallon ka. Da nakan kira Dogo ya zo ya ga mai kyau in na samu. Yau na rubuta akwai, na ja na gaba.

Laraba, da yamma

An sake kankara don a ga ko maganin yana ci. Sabon faranti, sabuwar lamba, bene na sama daga hagu.

Ban buɗe ba.

Juma'a, bayan magariba

Na dawo na tarar an ɗage labulen falo. Baba yana zaune a kan tabarma, ya baza farin ƙyalle, ya kwance agogon bangon Inna da ya tsaya tun bara. Yatsunsa suna tafiya a kan 'yan ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, yana jera su. Ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ya ce zafin ya tafi, haske ma ya daina damun sa.

Inna sai walwala take, ta kira 'yan'uwanta kaf ta shaida musu. Ta ce da ni, "Ke kuma wannan fuskar fa? Sai ka ce ba ki so."

Ina so. Wallahi ina so. Na zauna ina kallon sa ya mayar da agogon, ya kara shi a kunne, ya yi murmushi. Zoben ya cike, baƙin idon duk ya zama fari-fari. Na ce a raina ƙila tabo ne, tabo ma fari yake yi. Tsakanin ɗigo da ɗigo na yi barci sosai, rabona da irin sa tun kafin a kankari idon.

Lahadi, da azahar

Yau ba aiki, ina gida, sai na lura ƙararrawar ba ta kaɗa ba tun safe. Na ɗaga kwalaben. Na san inda ya kamata su kai, ba su kai ba.

Inna ta ce tun da zafin ya tafi, kuma ɗigon ne kaɗai ke sa shi kuka yanzu, sai take barin sa in yana barci, in kuma yana hira ba ta katse shi. Safe da yamma dai tana sawa. Ta ce ai ya ce da sauƙi.

Na ɗaga wa mahaifiyata murya. A tsakar gida, maƙwabta suna ji. Na ce mata yaushe ya taɓa cewa wani abu ban da haka, na ce ƙwayoyin nan ba mutuwa suka yi ba, kwanciya suka yi, kuma ta shimfiɗa musu. Na faɗi wasu abubuwan ma. Ta riƙe bakin zanenta tana murzawa.

Daga ɗaki Baba ya ce, "Uwata. Ni na ce ta bari. In faɗa za ki yi, shigo nan."

Ban shiga ba.

Litinin, da sassafe

Na durƙusa na ba Inna haƙuri. Ta ce ba komai. Ta sa mini abinci a jaka kamar lokacin da nake makaranta, ba ta dube ni ba.

Talata, da la'asar

Na buɗe.

Dogo ya fita karɓo kaya. Na ɗauko farantin, na ɗora shi a madubi yadda yake a rufe, na sa ƙaramin gilashi. Tun kafin in daidaita na ga hanyoyin. In suna ci suna tafiya, sukan bar sawu a cikin abincin, siririn layi mai lanƙwasa, kuma a ƙarshen kowane layi akwai mai shi. Daga tsakiya suka fito suka bazu ko'ina har bakin faranti. Wannan kankarar tun kafin Inna ta sassauta aka yi ta. Ke nan duk kukan da ya sha a hannuna, duk riƙe kan, suna nan suna kiwo abinsu. Ke nan kuma na yi wa Inna ihu a kan abin da ban sani ba ko ya canza wani abu.

Na bi ɗaya da ido. Ya miƙa gefe, ya kwarara, ya tsaya, ya sake miƙawa. Ba gaggawa. Na nemi ƙiyayyarsa a zuciyata ban samu ba, kuma wannan ya fi komai ciwo.

Ban ji shigowar Dogo ba. Ya tsaya a bayana, bai yi maganar doka ba. Ya ce tun jiya ya kai wa likita sakamakon, yana neman bakin da zai gaya mini ne. Ya zare farantin a hankali ya mayar.

Alhamis, da rana

Mun koma wajen likitar ido. Ta haska masa tocila, ya ce yana ganin alamar haske. Ta ɗaga yatsu, ya ce ta yi haƙuri, lissafi ba fanninsa ba ne. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta taɓa idon da zaren auduga, bai ƙifta ba.

Ta ce Inna ta fita da shi ya sha iska, ni in tsaya. Ta ce tafiyar zafin ba warkewa ba ce, jijiyoyin da ke jin zafin ne suka gaji. Ta yi maganar abin da ke bayan gilashin. Ta faɗi wata kalma kuma, cire idon, ta ce ba yanzu ba, mu ga mako mai zuwa, muddin yana ganin haske akwai abin da za a riƙe.

A mota ya tambaye ni me ta ce. Na ce ta ce a ci gaba da magani. Ni ma na iya ashe.

Juma'a

Ɗigo kowace awa. Inna ba ta tsallake ko ɗaya. Ba ya ma damƙe katifa yanzu.

Asabar, da yamma

Yana yawo cikin gida shi kaɗai, daga ɗaki zuwa falo, ya ɗauki butarsa inda take, ya gyara wa maƙwabci agogon hannu. Ina kallon sa ina cewa ai mai yin wannan yana gani. Inna ma haka take cewa. Mun shirya ni da ita a kan wannan maganar.

Bayan la'asar ya kira ni. Ya ce, "Baƙon nan nawa, yana nan wajenku?"

Na ce yana nan, sai ranar Litinin za a ƙona farantin.

"Ina so in gan shi. Duk abin da ya taɓa ɓata min agogo sai da na ciro shi na ɗora a tafin hannu na dube shi. Wannan kaɗai ne ban gani ba."

Na kira Dogo. Ya ce gobe ba kowa, shi ke da makulli, kuma shi bai ji komai ba.

Lahadi, da yamma

Mun je da hantsi. Dogo ya buɗe mana, ya gaishe da Baba har ƙasa, ya ce zai jira a waje.

Baba ya shaƙi warin ɗakin ya ce ashe nan nake ƙarar da ƙuruciyata. Na zaunar da shi a kujerata, na rage mata tsawo. Na ɗora farantin, na kunna fitilar madubin, na nemo masa wuri mai kyau, inda wani babba yake tsakiyar fili shi kaɗai, ƙayoyinsa sun fito sarai, ga wasu dunƙulallu biyu a gefe. Na buɗe hasken har ƙarshe. Na ɗora hannunsa a kan abin juyawa na ce wannan ne ke kawo hoto kusa ko nesa.

Ya murza shi gaba, ya murza baya, ya ce wanda ya ƙera wannan ya san aikinsa. Sannan ya sunkuya, ya kai idon daidai bakin gilashin, ko kuskure babu, yadda ya yi duk rayuwarsa. Ina tsaye a gefe ina ganin ɗan da'irar hasken ta sauka a kan farin idon, tana haska shi har ciki.

Ya daɗe a haka. Yana juyawa a hankali.

Sai ya ce, "To, Uwata, kunna fitilar mana."

Ban san abin da ya sa na yi ba. Na kai hannu na kashe, na sake kunnawa.

Yatsunsa suka tsaya a kan abin juyawar. Mutumin da ke gane ciwon agogo daga bakin ƙofa.

"Sau biyu kika danna," ya ce.

Ya ɗago kansa, ya zauna sosai, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Na jira ya yi wasa, don a irin nan ne yake yi. Bai yi ba. Can ya tambaya ko yana motsi. Na ce yana motsi, Baba. Ya gyaɗa kai.

Ya miƙe tsaye, ya juya wajen da yake zaton ƙofa ce, ba nan take ba. Ya tsaya.

"Kama hannuna," ya ce. "Ban san ɗakin nan ba."

Na kama, muka fita a hankali.